Mun tara kuɗi don yara masu tamowa: mu sayi abincin leda mu raba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wata ƙungiyar mata a garinmu, a jihar Katsina. Duk damina muna ganin yara suna ramewa, wasu har ƙafafunsu su kumbura. Mun yi karo-karo mun tara ɗan abin da ya sawwaƙa, wasu masu hali kuma sun yi alkawarin ƙarawa. Shawarar da ta fi rinjaye a cikinmu ita ce mu sayi katan-katan na abincin tamowa mai leda, irin wanda ake gani a kasuwa, da madarar gwangwani, mu raba gida-gida. Hakan ya yi? In bai yi ba, me za mu yi da kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani. Shawarata ita ce kada ku saya, ledar da madarar duka. Na san maganar za ta yi wa wasu 'yan ƙungiya nauyi, don kaya ne da ake gani da ido, a jera a ɗauki hoto, wanda ya ba da kuɗinsa ya ga inda suka tafi. Amma na daɗe ina aiki a ɓangaren kula da yara masu tamowa, kuma abin da aikin ya nuna mini shi ne ƙaramar ƙungiya irin taku ta fi ceton rai idan ta tsaya a kan abin da cibiyar lafiya ba ta iya yi: shiga gida, gano yaro da wuri, kai shi, da gyara abin da ake zuba masa a kwano. Bari in bi miki dalilan.

Wannan leda da ake kira Plumpy'Nut magani ce, ko da yake da gyada aka yi ta. Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, shi ne ya haɗa ta tare da kamfanin Nutriset a 1996. Kowace leda giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500: markaɗaɗɗiyar gyada, garin madara, sukari, mai, da sinadaran bitamin da na gina jini waɗanda aka auna daidai da bukatar jikin da ya riga ya lalace. Babu ruwa a cikinta, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa a ciki, ba ta bukatar wuta ko firji. Kafin zuwanta, yaro mai tamowa mai tsanani sai dai a kwantar da shi asibiti kusan wata guda ana dama masa madara ta musamman, ga gadaje ba su isa ba, ga uwa ba za ta iya barin gida tsawon wannan lokaci ba. A maƙwabtanku aka yi gwajin da ya sauya tunanin duniya. Lokacin yunwar 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani, galibinsu a yankin Maraɗi, mafi yawansu kuma a gida suka sha ledar, ana kawo su awo mako-mako, kusan tara cikin goma suka warke. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya, Najeriya kuma ta fara ta a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi.

Sai dai ki lura, waɗancan yaran ba leda kawai aka miƙa musu ba. A cibiya ana auna nauyin yaro, da nauyin ake lissafa leda nawa zai sha a rana. Ana ba shi amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da babu alamar ciwo, saboda jikin da tamowa ta cinye ba ya iya yin zazzaɓi yadda ya kamata, cuta na ciki amma ba ta nuna kanta. Ana gwada shi zazzaɓin cizon sauro, a ba shi maganin tsutsar ciki, a duba katinsa a ga ko an yi masa allurar ƙyanda.

Akwai kuma gwajin da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Ana zaunar da uwa a gefe inda babu hayaniya, ta wanke hannu, ta ɗora yaron a cinya, a yaga bakin ledar a ba ta da kofin ruwa mai tsabta. Ba a ɗura masa, ba a tsawata masa. Ma'aikaciya tana kallo daga nesa kamar rabin awa. Yaron da ya lasa, ya sake buɗe baki, ya kama ledar da hannunsa, wannan zai koma gida da rabonsa na mako. Wanda ya kau da kai, ya rufe ido, abin ya tsaya masa a baki bai haɗiye ba, wannan ba na gida ba ne ko da kuwa bai fi ɗan'uwansa ramewa ba. Ƙin ci alama ce ta cewa hanta da hanji sun fara gazawa, ko akwai cuta mai tsanani a jini. Gado za a ba shi, a fara da wata madara mai sauƙi da ake kira F-75, kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana. Da gangan aka rage mata ƙarfi, don idan aka cika wa irin wannan yaro abinci mai nauyi lokaci guda zuciyarsa na iya tsayawa. Ko ƙwayar ƙarin jini ba a ba shi a kwanakin farko. To, 'yar ƙungiyar da ta shiga gida da katan a ka, ta yaya za ta bambance waɗannan yara biyu? Za ta ba kowa, uwar wanda ya fi jigata ta ga ai magani ya zo har gida, ta fasa zuwa asibiti. Wannan jinkirin shi ne abin da nake tsoro.

Sannan ledar da kuke gani a kasuwa, daga ina ta fito? Ba kayan sayarwa ba ce, kyauta ake ba da ita. Duk wadda ta kai tebirin ɗan tireda, ko dai an karkatar da ita daga sito, ko wata uwa ce ta sayar da rabon ɗanta don ta auno masara ta ciyar da sauran. Ban ga laifin uwar ba sosai, yunwa ce ta sa ta. Amma idan kuka shiga kasuwa da kuɗi kuna neman katan-katan, kun ƙara wa kayan daraja, kun ba mai karkatarwa dalilin ƙarawa. Kuɗin sadaka zai koma sayen abin da aka ɗauke daga bakin wani yaron. Kuma lissafin ma ba ya fita: katan ɗaya leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya ke sha ke nan kafin ya warke, cikin mako shida zuwa takwas. Idan aka raba katan ɗin wa gida talatin, kowa ya lasa, babu wanda ya warke. In wani mai hali ya dage lallai leda yake son saye, a haɗa shi da jami'in kula da abinci mai gina jiki na jiha, a saya daga masana'anta, don yanzu ana yin ta a Kano da Legas, a kai ta cibiyar da ke da ma'aikata da sikeli.

Madarar gwangwani kuwa ta fi ledar haɗari. Za a dama ta da ruwan rijiya, a tsinka ta don ta daɗe, a zuba a bulumboti da ba a tafasa ba. Jariri ya kama gudawa, ya rage kama mama, nonon uwa ya ja baya, gwangwani ya ƙare, babu kuɗin sayen wani. Ku cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

Kafin in zo kan abin da za ku yi, akwai abin da nake so ƙungiya ta fahimta, don shi ne zai nuna muku inda matsalar ta fi girma. Tamowa iri biyu ce. Akwai rama, wadda ke zuwa cikin makonni, ita ce ke kisa da sauri, ita ce kuke gani da damina. Akwai kuma tsumburewa, yaro ya gaza kai tsawon shekarunsa, wadda ke taruwa a hankali ba wanda ya kula. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 7 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar da rama, amma kashi 37 da tsumburewa. A Kebbi kashi 66 ne, Jigawa 64, Katsina 61, alhali Anambra 14. Dubi jihohin nan uku na Arewa da kyau, duka na manoma ne, masu gero da dawa da wake da gyada da dabbobi. Haka Maraɗi take a Nijar, rumbun ƙasar ce, amma tana cikin yankunan da ke kan gaba a tamowa. Wato hatsi a rumbu ba ya nufin abinci mai gina jiki a cikin ɗan wata tara.

Za ki ji ana cewa ai gajarta gado ce. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an gina shi ne a kan yaran ƙasashe shida, Ghana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka, aka ga idan an shayar da yara yadda ya dace, an ciyar da su, an kare su daga cuta, girmansu a shekarun farko kusan ɗaya ne ko ina aka haife su. Tsumburewa ba ta tsaya a tsawo ba, tana tafiya tare da raunin ƙwaƙwalwa da na garkuwar jiki. Yawancinta tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, bayan nan gyaranta da wuya. Babu ledar da ke warkar da ita. Shi ya sa ciyar da 'yan firamare, duk da amfaninsa wajen riƙe yara a aji, ba ya taɓa wannan matsala, don ɗan aji ɗaya ya riga ya wuce lokacin.

Abu na farko da zan sa kuɗinku a kai shi ne tef ɗin awon dantse. Ɗan siririn tef ne na roba mai launi uku, arha ne ƙwarai, sau da yawa ma cibiya za ta ba ku kyauta. Ana amfani da shi ga yaro daga wata 6 zuwa 59. A sake hannun yaron ya sauka, a naɗa tef ɗin a tsakiyar dantse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kada a matse har fata ta tattare, kada kuma a bar shi yana lilo. Kore, milimita 125 zuwa sama, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, tsakanin 115 da 125, yaro ya fara zamewa. Ja, ƙasa da 115, cibiya a ranar, ba gobe ba. Sai gwajin kumburi: a danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro duka biyun, a ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, a ɗaga. In rami ya zauna a ƙafa biyun, tamowa ce mai tsanani ko da tef ya nuna kore, ko da kumatunsa sun cika. Irin waɗannan ne ake cewa sun yi ƙiba, ko a ce iska ce ko sammu, a yi ta yawon neman taimako har fata ta fara saɓulewa.

Kada wani ya ce miki wannan aikin ma'aikatan lafiya ne kawai. A Mirya, cikin jihar Damagaram, ƙungiyar likitoci ta ALIMA da takwararta ta Nijar BEFEN sun koya wa iyaye mata, yawancinsu ba su yi boko ba, yadda ake awon, aka gwada sakamakonsu da na ma'aikatan sa-kai, aka ga ba su gaza ba. Yaran da uwayensu suka gano ma sun fi isa cibiya da wuri, kaɗan ne daga cikinsu suka bukaci gado. Dalilin a fili yake: ma'aikaci wata-wata yake zuwa, uwa kullum tana tare da ɗanta. Ku koya wa kowace mai goyo, ku bar mata tef ɗin a ɗaki, ta riƙa aunawa duk Juma'a, da kuma duk lokacin da yaro ya tashi daga gudawa ko zazzaɓi.

Gano yaro rabin aiki ne. Abin da ke kashe shirye-shiryen tamowa a karkara shi ne kuɗin mota da izinin maigida. Uwa ta zo makon farko, ta zo na biyu, yaro ya fara murmurewa, na uku babu kuɗin acaɓa, ko ana tsakiyar noma, ko maigida ya ce ai ya warke. Ba a sallamar yaro sai dantsensa ya kai 125 kuma kumburi ya tafi na aƙalla mako biyu, wanda aka janye kafin nan yakan dawo ya fi da lalacewa. In kuma gado aka ba shi, uwa za ta kwana asibiti kusan mako guda, wa zai riƙe sauran yaran, me ita za ta ci? A nan ne naira ɗaya taku ta fi naira goma ta babbar ƙungiya. Ku ware asusun kuɗin mota, ku yi yarjejeniya da ɗan acaɓa ko mai Keke Napep guda biyu amintattu, ku biya su kai tsaye. Ku sa 'yar ƙungiya ɗaya ta zama uwar ɗakin kowane yaro da ke karɓar magani, ta leƙa tsakiyar mako ta ga ko shi kaɗai ke shan ledar, don a gidan da yara shida ke kallo ana ba ɗaya abu mai zaƙi, sai an yi da gaske. Maganar maza kuwa, ku bi ta hannun mai unguwa da liman. Abin da liman ya faɗa bayan sallar Juma'a ya fi zaman wayar da kai goma da aka yi da mata zalla, tunda ba matan ne ke riƙe da kuɗin cefane ba.

Yanzu ga inda na fi so ku daɗe, wato kwanon yaro daga wata shida zuwa shekara biyu. A nan yawancin yaranmu ke faɗawa. Yaro ya isa fara cin abinci, sai a ba shi koko ko kunu tsararo, an tace, an tsinka da ruwa don ya wuce ta kofi. Cikin ɗan shekara ɗaya bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. In aka cika shi da ruwan kamu, ya ƙoshi, ya yi barci, amma bai ci komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: ki ɗebi kunun a cokali ki karkata shi. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. Ya kamata ya tsaya a cokalin, ya sauko a hankali.

Garin da ake kira Tom Brown, wanda ƙungiyoyi suka yi amfani da shi sosai a Borno da Yobe, ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, kayan gidanku ne. Awo shida na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyada. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa. Waken suya yana son suya sosai har ƙamshinsa ya fito, in ba haka ba yana kumbura ciki. Gyadar kuma a zauna a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi, ta yamutse, ko ta yi fumfuna a zubar, don tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. A riƙa yin kaɗan-kaɗan ana ajiyewa a mazubi mai murfi, kada a yi na wata uku lokaci guda. Wajen damawa a yi shi da kauri, a ɗiga cokalin man gyada ko manja.

Garin shi kaɗai bai isa ba. Jikin yaro yana bukatar wani abu daga dabba, ko kaɗan ne, kullum in da hali: ƙwai, ɗan yankin hanta, nono, ko busasshen kifi da aka daka har da ƙayarsa ya zama gari a barbaɗa a kunu. Garin zogale, kabewa, alayyafo, dankalin Hausa mai jan ciki, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne. Har yanzu akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai zai yi sata, akwai kuma da yawa da ba canfi ne ya hana su ba, ƙwan ake sayarwa a sayi magi da gishiri. Wannan na biyun sai an zauna da maigida an yi lissafi: kuɗin ƙwai uku a mako, da kuɗin jinyar yaro ɗaya a asibiti. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau biyu zuwa uku a rana, daga wata 9 sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani, ana ci gaba da ba shi mama. Kuma a ba shi kwanonsa shi kaɗai, babba ya zauna da shi. Ɗan wata goma sha huɗu da aka sa a kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sha miyar sun bar masa gayan tuwo.

In za ku koyar da wannan, kada ku tara mata a yi musu lacca. Ku haɗa su goma-goma a gidan ɗaya daga cikinsu, kowa ta zo da ɗan abin da take da shi, a soya tare, a dama tare, a ciyar da yaran a wurin. Kuɗin ƙungiya ya tafi a waken suya da niƙa da itace. Yaran da tef ya nuna ruwan ɗorawa su ne 'yan wannan zama, ana auna su duk mako. Wanda ya faɗa ja, ko ya kumbura, ko ya ƙi ci, Tom Brown ba maganinsa ba ne, a kai shi cibiya.

Kafin wata shida kuwa, mama zalla. Binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya ke samun haka, kuma abin da ke ɓata lissafin a wurinmu ruwa ne. Kowa na shayarwa, amma kowa na ba da ruwa, wai zafi. Fiye da kashi 80 na nonon uwa ruwa ne, jaririn da ke jin ƙishi a ƙara sa shi a mama. Dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar wai datti ne, shi ne rigakafin farko, a sa jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa. A nan ba mai jego za ku yi wa magana ba, ita ba ta da ta cewa a kwana arba'in ɗin nan. Kakar yaro da ungozoma su ne masu hukunci, su za ku jawo cikin ƙungiya ku ba su girmansu.

Sai rurrutsa. Mace ta ga tana da ciki alhali goyonta bai fi wata goma ba, sai a ce nonon ya lalace, a yaye yaron rana ɗaya, a kai shi gidan kaka. Ya rasa mama, ya rasa uwa, ya ƙi cin abinci, bayan wata biyu sai ga shi a layin awo. Yaran da na gani a gadon tamowa da yawa labarinsu ke nan. Nonon mai ciki ba guba ba ne, mai lafiyayyen ciki za ta iya ci gaba da shayarwa, sai dai ta ƙara cin abinci, in za a yaye kuma a yi a hankali. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, shawarar likitoci ta a bar tazarar wata 24 kafin wani cikin ba ta yi nisa da wannan ba.

Ita uwar ma a duba ta. A wancan binciken kashi 58 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Mai ciki da jininta ya yi ƙasa, ko yarinyar da ta ɗauki ciki ita kanta ba ta gama girma ba, takan haifi jariri ƙasa da kilo biyu da rabi, wanda ya fara rayuwa da bashi. Ku matsa wa masu ciki su fara awo da wuri, su sha ƙwayar ƙarin jini kullum, su karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa daga wata na huɗu. Ku gaya musu tun farko cewa ƙwayar tana sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci da tashin zuciya, ba wata illa ba ce, a sha da dare bayan abinci, kada a kora da shayi don yana hana jiki ɗaukarta. Masu cewa tana sa jariri ya yi ƙato haihuwa ta yi wuya, a nuna musu cewa abin da ke kashe mata a wurin haihuwa zubar jini ne a jikin da dama ba shi da jini.

Abin da ya sa kuke ganin abin da damina shi ne abubuwa uku ke haɗuwa: rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, ruwan sha ya gurɓata. Ciwo na hana ci, rashin ci na jawo ciwo. Magungunan wannan ɓangare yawancinsu kyauta ne, aikinku kawai ku tabbata sun isa. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata na damina, a tabbata an sha na kwana ukun duka, ba na ranar farko kaɗai ba. Makon lafiyar mata da yara, sau biyu a shekara, inda ake ɗiga bitamin A, shuɗi ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga waɗanda suka shekara, tare da maganin tsutsa. Allurar ƙyanda a wata tara. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba da abinci.

In masu halin nan da suka yi alkawari da gaske suke, kuɗin kuma ya yi kauri, akwai hanyar da aka gwada a kusa da ku. Tsakanin 2013 da 2019 an yi wani shiri a Jigawa da Zamfara, da tallafin gwamnatin Birtaniya, Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar. Ana ba mace naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har ɗanta ya shekara biyu, a hannunta, tare da koyarwa kan ciyar da yara. An yi ta fargabar maza za su ƙwace, amma masu bincike sun samu yawanci matan ne ke yanke yadda za a kashe, abinci ya ƙaru a gidajen, tsumburewa ta ragu, wasu matan har sun ja jari. Kuɗin yau ba na wancan lokacin ba ne, sai an sake lissafi, amma darasin yana nan: kaɗan da ke zuwa kowane wata ba fashi ya fi buhun da aka sauke rana ɗaya. In za ku yi, ku zaɓi gidaje kaɗan ku riƙe su har ƙarshe. Ku fara da masu tagwaye, jariran da uwayensu suka rasu, zawarawa masu goyo, yara masu naƙasa da ke wahalar haɗiya, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu suna raɓe a gidajen dangi, don su sunansu ba ya cikin rajistar kowa.

Ba zan ɓoye miki ba, lokacin da kuka shigo aikin mai wuya ne. A 2025 tallafin ƙasashen waje ya ragu ƙwarai, musamman na Amurka, cibiyoyi da dama a Arewa sun rufe ko kayansu sun yanke. MSF ta ba da rahoton cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shidan farko na shekarar, ta kuma danganta hakan da isowa a makare. Saboda haka kafin ku kashe ko sisi, ku je wurin shugaban cibiyar lafiya mafi kusa da jami'in abinci mai gina jiki na ƙaramar hukuma. Ku tambaya wace rana ake awon tamowa, ina ake kwantar da masu tsanani, akwai kaya a sito ko babu. Ku nemi ma'aikaciya ɗaya ta zo ta koya muku awo da hannunta.

Ku sayi littafi babba guda, a rubuta sunan kowane yaro, launin da tef ya nuna, ranar da aka kai shi, da yadda ya ƙare. Ma'aunin da ake bi a duniya shi ne a cikin yaran da suka fita daga shiri sama da kashi 75 su warke, waɗanda suka daina zuwa kada su kai kashi 15, mace-mace ƙasa da kashi 10. Da wannan littafin za ku san ko kuɗin motar na aiki, da shi za ku nuna wa masu ba da gudummawa inda dukiyarsu ta tafi. Ranar da kuma aka ce muku leda ta ƙare a cibiya, shi za ku ɗauka ku tafi ofishin shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku na jiha, ku nuna musu sunaye. UNICEF na da asusun da ke ninka duk abin da gwamnatin jiha ta saka don sayen kayan tamowa, naira a kan naira, sai ku tambaye su nawa jiharku ta saka a bana, kuma nawa ne ya iso cibiyarku.